Shirin Musamman: Abin da Dasashin Ɓera ke Faɗa Mana game da Ciwon Sukari

Yau shirin zai leƙa ɗakin bincike, inda ake sa wa ɓeraye ciwon sukari da gangan domin a gano yadda cutar ke cin jikin ɗan Adam.

Sinadarai biyu aka fi amfani da su. Na farko shi ne alokzan. A 1943 masana a birnin Gilasgo na Sukotilan suka lura cewa yana kashe ƙwayoyin da ke yin insulin a jikin zomaye. Na biyu, sitireftozotosin, an samo shi ne daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasa a jihar Kansas ta Amurka, kuma a 1963 aka bayyana cewa shi ma yana jawo ciwon. Dukansu sun yi kama da sukari, shi ya sa suke bi ta ƙofar da sukari ke shiga cikin ƙwayoyin da ke yin insulin, su yi musu ɓarna daga ciki. Kwana kaɗan bayan allura, sai ka ga ɓera yana ta kwankwaɗar ruwa, yana yawan fitsari, yana ramewa.

To, ina dasashi ya shigo? Mai bincike kan ɗaura siririn zare a gindin turmin haƙorin ɓeran, ƙwayoyin cuta su taru a wurin. A jikin ɓera mai sukari kumburin ya fi tsanani, ƙashin da ke riƙe haƙori ya fi saurin zaizayewa. Ƙwayoyin da ke saƙa kolajin, wato zaren da ke ƙarfafa dasashi, aikinsu yana raguwa, wasu su mutu, rauni kuma ya daɗe bai warke ba.

Sai dai akwai tambayar da mai bincike na gari ba ya tsallakewa: wannan ɓarnar ta sukari ce, ko ta gubar da aka yi wa dabbar allura? Don a rarrabe, ana ba wasu ɓerayen insulin a ga ko dasashin zai samu sauƙi, ana kuma rainon ƙwayoyin dasashi a faranti, wasu cikin sukari mai yawa, wasu cikin sinadarin kansa. Wannan taka-tsantsan ya shafi jami'o'inmu na Najeriya, inda ake yawan amfani da alokzan wajen gwada tsirrai irin su zogale.

Abin da aka gani a ɓera ya dace da na mutane. Tun 1993 masanin haƙori Harald Löe ya kira ciwon dasashi matsala ta shida da ciwon sukari ke haifarwa. Don haka, mai sukari, idan ka ga jini a asuwaki ko buroshi, ko haƙori ya fara girgiɗi, kada ka yi sake. Ka auna sukarinka, ka je wurin likitan haƙori. Allah ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.