Tseren motoci a Amurka: girman sanda ba shi ke cin gasa ba

A Amurka akwai wani tseren motoci wanda babu kwana ko ɗaya cikinsa. Motoci 2 ne ke jerawa, da fitila ta nuna kore sai su zabura bisa miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon mita 402. Ƙungiyar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ita ce babbar mai tsara wannan gasa. A 2008, bayan mutuwar direba Scott Kalitta, ta rage tazarar motocin da suka fi gudu zuwa mita 305.

Talakan ɗan tsere, wanda ke gyaran tsohuwar Chevrolet mai injin V8 na lita 5,7, babban abin da ke hana shi barci shi ne zaɓen sandar kam. Wannan sanda mai ƙusumbi ita ke buɗe ƙofofin injin, iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Injin ya juya sau 2, ita ta juya sau 1.

Abu 2 ake dubawa: faɗin buɗewar ƙofa, da daɗewarta a buɗe. Idan ƙofa ta daɗe a buɗe, injin yana shaƙar iska sosai lokacin da yake juyawa da sauri, amma ƙarfinsa na tashin farko ya ragu. To, a tseren daƙiƙa 12, wanda ya yi nawa a tashi da wuya ya kamo abokin hamayyarsa.

Nan ne sababbin shiga ke asara. Mutum ya sayi sandar da ta fi girma, ya bar sauran kaya yadda suke. Sifirin ɗin ƙofofin ba ya da ƙarfin mayar da su kan lokaci, fistan ya bugi ƙofa, injin ya lalace gaba ɗaya. Masu wayo kuwa sukan fara auna nauyin mota, da matsin injin, da giyar baya, da faɗin bututun hayaƙi, sannan su zaɓi sandar da ta dace, su canza sifirin tare da ita.

Mai karatu, ko ɗan kasuwa ya san wannan lissafi: ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Matsakaiciyar sanda da ta yi daidai da injinta takan riga babba isa ƙarshen hanya, kuma kuɗin mai ita bai ƙone ba.