Yaran da matsakaicin maki ke ɓoyewa

A unguwa irin Tudun Wada da ke birnin Gombe, aji guda kan haɗa ɗan ma'aikaci, da yarinya mai talla, da yaro mai lalurar ji. Idan aka cakuɗa makinsu, makaranta kan fita kunya alhali wasunsu ba su iya karatu ba.

Dokar UBE ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma babban sharaɗin karɓar tallafin shi ne jiha ta ajiye nata kason. Ita kuwa dokar Amurka ta 2002 cewa ta yi a ƙirga sakamakon 'ya'yan talakawa da naƙasassu daban. Makarantar da ke cin tallafin tarayya, in rukuni ɗaya ya gaza shekara biyu a jere, dole a bai wa iyaye damar sauya makaranta. An sassauta hukuncin a 2015, amma rarrabewar ta ci gaba.

Gombe ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2019. Sai UBEC ta nemi sakamakon kowace makaranta rukuni-rukuni kafin a san wa gyaran ya amfana.