Karatu A Lokacin Dogon Hutu: Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, makarantun firamare da na sakandare sukan tafi dogon hutu. A ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji wannan hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da iyaye suka fi bukatar hannun yara a gonakin masara. Yaron da ya shafe makonni bai buɗe littafi ba yakan koma aji harshensa ya yi nauyi, har malami ya ɓata makonnin farko wajen maimaita tsohon darasi.

Kashe kuɗin jama'a domin ƙarfafa karatu abu ne mai tarihi a ƙasarmu. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta gudanar da shirin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya kuma ta riƙa buga ƙananan littattafai masu sauƙin kuɗi domin waɗanda suka koyi karatu kada su mance. A 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, wadda daga baya ta sami lambar yabo daga UNESCO. A 1981 kuwa Ɗakin Karatu na Ƙasa ya fara gangamin zaburar da jama'a kan karance-karance.

Darasin da muka ɗauka daga wannan tarihi shi ne, gangami ba ya amfani sai littafi ya isa hannun mai karatu. Ɗakin Karatu na Murtala Muhammed yana birnin Kano, tafiya mai nisa ga ɗan Riruwai da sai ya ratsa dajin Falgore. Saboda haka muna kira ga sakatarorin ilimi da shugabannin makarantu da su riƙa ba ɗalibai aron littattafai kafin a tashi hutu, a rubuta sunan kowa domin a dawo da su. Dagatai da masu unguwanni za su iya ware zaure guda inda yara za su haɗu bayan la'asar, wani ɗalibi babba ya karanta musu Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce, dattawa kuma su ba su tarihin haƙar kuza a Riruwai.

Iyaye kuwa, rabin sa'a a kullum bayan an dawo daga gona ya wadatar. Da ma sannu ba ta hana zuwa. Allah ya albarkaci zuri'armu, amin.