Ko Kun Sani?

Dawakin da ake yi wa cacar PMU a rumfunan LONANI, hukumar caca ta ƙasar Nijar, a Faransa suke sukuwa, a filaye irin su Vincennes da Longchamp. Mai sayen tikiti a Diffa bai taɓa ganin ko ƙurarsu ba. Lissafin kuwa ba ya ɓuya: idan dawaki 18 suka fito, akwai hanyoyi 4,896 na jera ukun farko, na jera biyar ɗin farko kuma 1,028,160, alhali jeri guda ne ke cin babbar kyautar. Wani zai ce ai ana ci, an kuma san waɗanda suka ci. Gaskiya ne, amma a tsarin PMU kuɗin mai ci daga aljihun waɗanda suka faɗi yake fitowa, bayan hukuma ta cire kasonta, don haka jimillar abin da ake rabawa kullum ba ta kai abin da aka zuba ba. Nazarin tarihin doki yana ɗan rage duhu, ba ya taɓa wannan kaso. Musulunci ma ya haramta caca, a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Don haka, manomin tattasai na Chétimari da bakin kogin Kumadugu, jakarka ta fi amfani a taki da man injin ban ruwa fiye da a tikitin caca.