Masu Dogon Tari a Layin Sikanin

A wani asibitin koyarwa na Arewa, ba mata masu juna biyu kaɗai ke bin layin ɗakin sikanin ba. Akwai dattawa a kan benci, kowa riƙe da ambulan ɗin hoton ƙirjinsa, ana tari ƙasa-ƙasa. Abin da ya kai ni ke nan: me na'urar duba ciki za ta gani a huhu?

Bayan gaisuwa, wata likitar ƙirji ta ce da ni ba komai take gani ba. Sauti na'urar ke aikawa cikin jiki ta saurari dawowarsa, iska kuwa tare shi take yi, huhu kuma cike yake da iska. Amma idan ƙari ya tsiro a gefen huhu har ya taɓo bangon ƙirji, ko ruwa ya taru a bayan haƙarƙari, zai fito a allo. Nan likita ke bin hoton ya soka allura daidai wurin, ya ɗebo ruwan ko ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji. Gwajin ne ke tabbatar da ciwon daji, hoton jagora ne kawai. Akwai kuma irin na'urar da ake zurawa ta maƙogwaro a leƙa kaluluwar tsakiyar ƙirji, har masu bincike na koya wa kwamfuta nazarin siffar kaluluwar da gefenta, don ta nuna wadda ta fi kama da mai cuta. Likitar na maraba da hakan, sai dai ta ce damuwarta tana wani wuri.

Ta nuna mini wani dattijo manomi da ɗansa. Tari ya kama dattijon tun kaka. Gwajin kaki na GeneXpert bai nuna tarin fuka ba, amma ganin ramarsa da inuwar da ke hoton ƙirjinsa, aka ɗora shi kan maganin wata 6. Ban ga laifin kowa ba. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu, alamomin cututtukan biyu sun yi kama, maganin fuka kyauta ne, hoton CT kuwa sai mai hali. Dattijon ya shanye maganin tsaf bai tsallake rana ba, ga tarin na nan, ga jini a kaki. Kafin su iso nan, sun sayar da bijimin huɗa.

"Ranki ya daɗe, ni dai a faɗa mini sunan abin da ke damuna," in ji dattijon.

"Baba, yau za mu ɗebo ruwan da ya taru a ƙirjinka, numfashinka zai sassauta. Sunan kuma sai gwaji ya fito," in ji ta.

Ciwon dajin huhu ya kashe kimanin mutum miliyan 1.8 a duniya a 2022, fiye da kowane irin ciwon daji, kuma da yawa ba a gano nasu sai ya yi nisa. Shi ya sa watannin nan shida suka tsaya mini a rai. Likitar ta ce burinta duk mai tarin da magani bai taɓa ba cikin wata biyu a sake duba shi, a ɗora masa na'urar a ƙirji tun a asibitin garinsu.

Ɗan ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, ya ce za su zauna wajen wani ɗan garinsu har sakamako ya fito.