Littattafan Soyayya da Batun "Sauƙin Karatu": Dubi Daga Agadas

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan ƴar maƙala ita ce sake duba wata kalma da manazarta suka saba jingina wa littattafan soyayya na Hausa, wato "sauƙi". Akan ce littattafai ne na rage lokaci, irin waɗanda ɗaliba kan ɗauka in an yi babban hutu, ta karance cikin kwana biyu, ta ba ƙawarta aro. Ba mu musanta haka ba. Tambayarmu dai ita ce: sauƙi ga wa?

2.0 Asalin Littattafan da Yanayinsu

Akan faro tarihin wannan adabi daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980. Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, sai matasan marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, galibi a Kano. Cikin wannan yanayi ne Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, kana In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya a farkon shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan "Adabin Kasuwar Kano", Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu a muhawarar da aka tafka a jaridu. A 2007 har ƙona wasu daga cikinsu aka yi a Kano da sunan gyaran tarbiyya.

Raha akwai ta a cikinsu, amma ba ita ce ƙashin bayan labari ba. Takan ɓullo ne ta kafofin da al'ada ta riga ta buɗe: wasan kaka da jika, ba'ar taubasai, gatsen ƙawayen amarya. Ƙarƙashin dariyar kuwa auren dole ne, da kishi, da saki, da yarinyar da aka cire daga makaranta. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 da niyyar hutawa ya san abin da muke nufi. Ke nan bai dace a auna su da ma'aunin labaran soyayya masu ban dariya na Turai ba. A yankin masu Faransanci, abin da ya fi kusa da waɗancan shi ne jerin Adoras da aka fara bugawa a Abijan a 1998.

3.0 Mai Karatu a Agadas

A Agadas Hausa ce harshen kasuwa da na unguwannin tsohon gari, har ga da yawa daga cikin waɗanda Tamajak ce harshen gidansu. Amma ɗalibar da ta bi ta lakwal da Faransanci ta koyi haɗa baƙaƙe. Makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa, waɗanda aka soma a 1973, ba su taɓa game ƙasa ba. Saboda haka in littafin Kano ya zo hannunta, ta Damagaram ko ta wayar salula, harshen nata ne, rubutun kuwa baƙo ne. Harafin c da ta saba furtawa k ko s ya sauya aiki, u ba ta Faransanci ba ce, ga kuma ƙ da ɗ da ɓ. Inda ƙa'idar Nijar ta 1999 ke rubuta ƴ, littafin 'y ya rubuta. Ga kalmomin Ingilishi da marubutan Kano kan cusa a bakin masoya, waɗanda ba su cikin Hausar Abzin.

A namu ganin, a nan ne darajar waɗannan littattafai take ga Nijar. Ɗokin sanin wa zai auri wa shi ke jan mai karatu ta haye wannan wahala shafi bayan shafi, abin da littafin yaƙi da jahilci bai cika iya yi ba. In hutu ya ƙare, ta iya karanta Hausar boko ba tare da malami ya koya mata ba.

Batun ya ƙara nauyi tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci harshen aiki. Muna ganin aikin da ke gaban ɗalibanmu, musamman na Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014, shi ne su shiga gidaje lokacin hutu, su rubuta waɗanne littattafai ake karantawa, wa ke karanta wa wa da babbar murya, kuma a kan wace kalma ake tsayawa a tambayi ma'ana.