Kayan Ƙwalam Masu Siffar 'Yan Katun a Bikin Haihuwar Yara a Kalpohin

Kayan ƙwalam masu siffar 'yan katun su ne kek da biskit da masa da 'ya'yan itatuwa da ake yankawa ko a yi musu ado har su fito da fuskar wata halitta da yara suka sani a talabijin ko a wayar iyayensu. Galibi ana yin su ne domin bikin zagayowar ranar haihuwa, wanda 'yan zamani ke kira bazde, musamman na yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku. A Kalpohin, ɗaya daga cikin unguwannin Tamale, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Gana, ana samun masu sana'ar kek da ke karɓar irin wannan aiki. Duk da haka akwai iyaye mata da suka fi son haɗawa da hannunsu, saboda rangwamen kuɗi da kuma sanin abin da zai shiga cikin yaro.

Asalin al'adar

Bikin zagayowar ranar haihuwa baƙo ne ga Dagombawa masu gari, baƙo ne kuma ga Hausawan zango. Abin da aka gada shi ne suna, wanda ake yi bayan mako guda da haihuwa, a yanka rago, a yi wa jariri aski, a raba goro da abinci. Bayansa sai yaye, idan yaro ya kusa shekara biyu, inda a al'adar Hausawa akan kai shi wurin kaka ya yi 'yan kwanaki. Bazde ya shigo ne ta hanyar makarantun boko da gidajen ma'aikata da talabijin, daga baya wayar hannu ta ƙara masa ƙarfi. Makarantun Gana suna da wata al'ada da ta share masa fage, wato ranar rufe zangon karatu da yara ke kira Awa De, ranar da kowa ke zuwa da ado da abinci mai daɗi a ci tare. Saboda haka bikin ƙaramin yaro yakan kasu biyu: ɗan taro a tsakar gida, da kuma ƙunshin kayan ƙwalam da ake aikawa gidan renon yara a raba wa abokansa.

Tamale gari ne da Musulmi suka fi yawa, kuma malamai sun sha bamban a kan wannan biki. Wasu na ganin bidi'a ce da kwaikwayon baƙin al'adu, wasu na ganin al'ada ce kawai muddin babu saɓo a ciki. Gidajen da ba sa yin sa sukan wadatu da addu'a da sadakar masa ga yaran unguwa. Haka nan akwai masu ƙyamar siffar abu mai rai, sukan zaɓi tauraro ko jinjirin wata ko mota ko fure. Dabarun haɗawa duk ɗaya ne.

Zaɓen siffa

Yaro mai tatata yana gane abin da yake so ta hanyar zubinsa da launinsa, bai damu da ƙananan zane-zane ba. Wannan ne ya sa wasu 'yan katun suka fi wasu sauƙin yi a ɗakin girki. Mickey Mouse, ɓeran da kamfanin Walt Disney na Amurka ya fito da shi a 1928, da'ira uku ne kawai: babba ɗaya ta fuska, ƙanana biyu na kunnuwa. Hello Kitty, kyanwar da aka ƙirƙira a Japan a 1974, farar fuska ce mai ɗigon ido biyu da hanci rawaya da jan ƙulli a kunne, ba ta ma da baki. Elmo na shirin Sesame Street jan dunƙule ne mai manyan fararen idanu da hanci ruwan lemo. Alamar Cocomelon, shirin waƙoƙin yara da ya shahara a YouTube, kankana ce mai fuska, don haka kankana ta gaske ta isa a yi ta.

Wasu siffofin ba su cika shiga gidajen Musulmi ba. Peppa Pig, wadda aka fara nunawa a Ingila a 2004, alade ce, 'yan PAW Patrol na Kanada kuwa karnuka ne, kuma iyaye da yawa ba sa son ganin ɗayansu a faranti. Tatsuniya tana da nata taurarin da za su maye gurbi. Gizo, mijin Ƙoƙi, wanda Akan na kudancin Gana ke da takwaransa Ananse, dunƙule ɗaya ne da ƙafa takwas. Zomo dogayen kunnuwa biyu ne, kunkuru kuwa rabin ƙwallo ne da kai da ƙafafu huɗu.

Abin da ake yi da yadda ake yi

Masa ita ce mafi kusa da hannu, domin a Tamale ana soya ta kullum, ta gero ko ta masara ko ta shinkafa. Ana soya manya da ƙanana a tanda, a jera babba ɗaya da ƙanana biyu a faranti, Mickey ya fito. Idan ƙullun fulawa da ƙwai da madara ne ake soyawa a shimfiɗaɗɗen kasko, sai a zuba babban ludayi ɗaya a tsakiya, a ɗiga cokali biyu a sama su taɓa shi, su soyu a haɗe. Yankan ayaba ya zama ido, ɗigon narkakken cakulan ya zama ƙwayar idon.

Biskit ya fi kowanne ɗaukar siffa, ya kuma fi daɗewa bai lalace ba. Ma'auninsa mai sauƙin riƙewa ne: kashi ɗaya na sukari, biyu na bota, uku na fulawa, misali giram 100 da 200 da 300. Ana murza bota da sukari su yi laushi, a zuba fulawa a haɗa ba tare da yawan cuɗawa ba, domin yawan cuɗawa na sa shi tauri. Sai a bar ƙullun ya huta a wuri mai sanyi, a murza shi da kwalba ko muciya ya yi kaurin rabin santimita. Inda babu abin yanka na kanti, bakin kofi yana fitar da fuska, murfin kwalba yana fitar da kunne, a manna su tun kafin gashi. Siffa mai wuya kuma a zana ta a kwali mai tsabta, a yanke, a ɗora a kan ƙullun a bi gefenta da wuƙa. Minti 15 zuwa 20 a zafi mai digiri 170 ya isa.

Ƙananan kek na kofin takarda sun fi babban kek dacewa da taron yara, domin kowa ya sami nasa ba sai an yanka ba. Ƙwai biyu da giram 100 na kowanne daga bota da sukari da fulawa, da ƙaramin cokali na bekin fauda, suna ba da kamar guda goma zuwa goma sha biyu ƙanana. Ana iya rage sukarin a sa nunanniyar ayaba ko dabinon da aka jiƙa aka cire ƙwallo aka daka. Dankali mai jan ciki, wanda ake ƙarfafa nomansa a arewacin Gana saboda sinadarin bitamin A, idan aka dafa aka murƙushe a cikin ƙullun yana ba da zaƙi da launin lemo a lokaci guda.

Rashin obin ba ya hana gashi. Ana zuba yashi mai tsabta ko tsakuwa a gindin babbar tukunya, a ɗora a murhun gawayi ta yi zafi kamar minti goma, a jera gwangwanaye a kai, a rufe, a zuba 'yan garwashi a kan murfin domin sama ta gasu. Wuta kaɗan ake so, kuma ba a yawan buɗewa. Idan aka soka tsinke ya fito a bushe, kek ya nuna.

Dakuwa ma tana da amfani a nan, domin tana mulmuluwa kamar yumɓu, ana iya fitar da kan zomo ko bayan kunkuru da ita. Ta yara ana yin ta da laushi, babu barkono, kuma a ba da kaɗan tare da ruwa. 'Ya'yan itatuwa su ne mafi sauƙi: yankan mangwaro a jera su zagaye da faifan ayaba ya zama gashin zaki, gwanda ta zama kifi, ƙosai ko ɗan kek a tsakiyar faranti da ƙafafu takwas da aka zana da cakulan ya zama Gizo.

Launi

Launi shi ne rabin kamanni, kuma yawancin abin da ake bukata yana babbar kasuwar Tamale da ta Aboabo. Zoɓo, wanda a Gana ake kira sobolo, yana ba da ja idan aka dafa shi ya yi kauri. Yana da hali guda da ya kamata a sani: ɗigon lemon tsami na ƙara masa haske, amma idan ya haɗu da bekin soda ko kanwa sai ya dushe ya koma toka-toka, don haka ya fi kyau a adon sama fiye da cikin ƙullu. Garin zogale yana ba da kore, kurkum yana ba da rawaya, dukansu ɗan kaɗan ake sawa saboda ɗanɗanonsu na da ƙarfi. Karas yana ba da ruwan lemo. Garin koko na cakulan, wanda Gana ke cikin manyan masu nomansa a duniya, yana ba da ruwan ƙasa mai duhu da ya isa a zana ido da baki da gashin baki.

Launin kanti ya fi kaifi, sai dai yana bukatar lura. Bayan wani bincike da aka yi a Jami'ar Southampton ta Ingila a 2007, Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da wasu launuka shida, ciki har da E102 da E110, cewa suna iya shafar natsuwar yara. A Janairun 2025 hukumar abinci ta Amurka ta soke izinin wani jan launi mai suna Red No. 3. A Gana kanta, Hukumar Abinci da Magunguna ta gano rinin Sudan IV a cikin manjan da ake sayarwa a wasu kasuwanni a 2015. Saboda haka garin launi da ake ƙullawa a leda babu suna babu lambar hukuma bai dace da abincin yara ba. Masu kiyaye halal kuma sukan duba alewa mai danƙo da ake ado da ita, domin jelatin ɗin cikinta wani lokaci daga alade ake samo shi.

Yanayin Tamale

Adon da ya yi kyau a hoton intanet ba lallai ya jure Tamale ba. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan kusanci digiri 40, bota kuwa tana narkewa tun kafin digiri 35, don haka kirim ɗin bota yakan zube, fuskar ta rikiɗe kafin baƙi su zauna. Ɗaukewar wutar lantarki ma takan hana dogaro da firji. Abin da ya fi jurewa shi ne garin sukari da aka dama da ɗan ruwan lemon tsami, wanda ke bushewa ya kama jikin biskit, kuma ba ya bukatar ɗanyen ƙwai. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na busar da kek ta tsattsaga ado, ga ƙura, sai a rufe komai a mazubi mai murfi. Da damina laima na sa biskit ya saki. Ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce duk abin da ke da madara ko kirim kada ya wuce awa biyu a waje, idan zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya.

Lafiyar yaro

Haɗari mafi girma a irin wannan taro shi ne abu ya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Likitocin yara na hana ba wa ɗan ƙasa da shekara huɗu gyaɗa guda-guda, da gugguru, da alewa mai tauri, da cingam, da inabi da ba a yanka ba. Aya da cincin mai tauri da dabino mai ƙwallo suna cikin wannan sahu. Tsinken sakace da ake riƙe kunnuwan kek da shi, da 'yan tsanar roba na ado, da kyandir, duk a cire su kafin a miƙa wa yaro, a kuma kwashe fasassun balan-balan daga ƙasa. Yara su ci a zaune, babba na kallo.

Ba a ba wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda cutar botulizim, kuma irin waɗannan jarirai sukan zo taron a bayan iyayensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, a 2023 kuma ta ce a nisanta 'yan wata 6 zuwa 23 daga abinci mai yawan sukari da lemon kwalba. Gyaɗar da za a daka a tsince ta, a zubar da mai fumfuna ko wadda ta motse, domin a cikinta dafin aflatoksin ke zama, kuma wuta ba ta kashe shi. Idan za a aika ƙunshi gidan reno, ana sanar da masu kula da yara abin da ke ciki, saboda akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko ƙwai ko madara.

Tsarin aiki

Biskit ana gasa shi kwana biyu kafin biki, kek ana gobe, ado da yankan 'ya'yan itatuwa da suyar masa kuwa a ranar. Siffa ɗaya da launi biyu ko uku sun wadatar, kuma kason kowane yaro kada ya wuce loma biyu ko uku, bayan ya ci abinci na gaske kamar shinkafa da wake. Taron ƙananan yara ba ya son tsawo, awa ɗaya zuwa biyu da hantsi ko bayan la'asar ya isa, kafin barci ko kuka ya raba shi. A idon ɗan shekara biyu, masa uku da aka jera daidai Mickey ne cikakke, ko da sukari ko babu.